'Ya'yan Zango Sun Ya Da Zango

Shugabannin ƙungiya sun ce mu rubuta labarin fitar da muka yi da yaran makaranta, domin waɗanda suka ba da kuɗinsu su san inda ya shiga, waɗanda suka hana 'ya'yansu kuma su ji abin da ya wuce su. To, ga shi, ba ƙari ba ragi. Da ajami muka fara rubuta shi can a bakin wuta, sa'an nan muka juya shi zuwa boko saboda masu karatun wannan takarda.

Tun da fari sai mu faɗi gaskiya, mu ma ba mu so tafiyar nan ba. Ran da samari suka kawo maganar gaban taro, wai a kwashi yara a kai su daji su yi kwana biyu, muna cikin masu girgiza kai. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Mun baro gida, mun ƙetare teku, don 'ya'yanmu su huta da kwanan ƙasa. Yanzu kuma ku ce mu biya kuɗi a kai su su kwanta a ƙasa? Wa ke kwana a daji in ba maharbi ba, ko wanda hankalinsa ya taɓu?" Aka yi dariya, mu ma muka yi.

Ba a yi mako guda ba sai Allah ya nuna mana kuskurenmu. Muna koya wa yara lokatan salla, sai muka tambayi wani yaro ɗan shekara goma sha ɗaya, mai kaifin hadda ƙwarai, muka ce, "Yaya ake gane alfijir ya keto?" Ya ce, "Waya ce ke faɗa, Malam." Muka ce duk wanda ya taɓa ganin ketowar alfijir da idonsa ya ɗaga hannu. Ba wanda ya ɗaga. Muka ce to, taurari fa? Wani ya ce ya taɓa ganin guda uku ta taga, amma ɗaya daga ciki tafiya yake yi. Ashe jirgin sama ne. Yaran nan a Bronx aka haife su, inda fitilar titi ba ta mutuwa sai rana ta fito. Kullum bakinsu yana ambaton alfijir da dare da taurari da duwatsu cikin karatu, amma idonsu bai san ko ɗaya ba. Kunya ta kama mu, gama laifin ba nasu ba ne. Ran nan muka je muka sami samari muka ce a rubuta sunanmu.

Ga wanda bai sani ba, a ƙasar Amurka kowace jiha tana da gandun dajinta, ban da na gwamnatin tarayya. Ba a noma a ciki, ba a gina gidaje, an keɓe su don jama'a su je su sha iska, su yi tafiyar ƙafa, su koyi halin dabbobi da itatuwa, mai so kuma ya kwana. Mafi tsufa a cikinsu shi ne na Niagara, a nan jihar New York, tun 1885. Wanda muka je sunansa Harriman, tafiyar kamar sa'a guda a mota daga Bronx, in an ƙetare kogin Hudson aka yi arewa. Faɗinsa ya fi eka 47,000, da tafkuna 31, da hanyoyin ƙafa fiye da mil 200.

Asalinsa kuwa abin a ji ne. Da can hukuma ta yi niyyar gina gidan yari a gindin dutsen Bear Mountain da ke maƙwabtaka da shi, har an soma aiki. Sai wata mata mai suna Mary Harriman, wadda mijinta babban attajirin jirgin ƙasa ne, ya rasu a 1909, ta tashi a 1910 ta ba jihar eka 10,000 da dala miliyan ɗaya, bisa sharaɗin a bar zancen kurkuku, a mai da wurin na jama'a. Da a wajenmu ne, da sai mu ce waƙafi ta yi. Inda aka so a kulle mutane, yau 'ya'yan talakawa ne ke guje-guje.

Ran Jumma'a 22 ga Agusta, 2025, ana saukowa daga masallaci muka tashi, yara maza goma sha huɗu, manya shida, cikin mota huɗu da 'yan'uwa suka ba da aro. Magajiya da jama'arta suka cika mana tukwane da wake da shinkafa, da shito, da ƙullin koko. Allah ya saka musu da alheri. Itacen wuta kuwa ba mu ɗauka daga gida ba, a can muka saya, domin dokar jihar ta hana a yi tafiyar fiye da mil 50 da itacen da ba a gasa ba, saboda waɗansu ƙwari masu ɓuya cikin ɓawo su kashe itatuwan daji.

Da muka isa wurin kwana, wani ma'aikacin gandu ya nuna mana filayenmu, kowane da teburi da murhu, ga famfo da makewayi kusa. Ya yi mana gargaɗi huɗu. Kada a bar abinci a waje ko cikin tanti. Kada a taɓa wata ciyawa mai ganye uku uku, tana sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Kowane dare a duba jikin yara saboda kaska, gama kaskar ƙasar nan ƙanƙanuwa ce kamar ƙwayar riɗi, tana kuwa kawo ciwo mai wuyar magani in an yi sakaci. Daga ƙarfe goma na dare kuma ba hayaniya. Kafa tanti ya ci mana kusan sa'a biyu. Namu na malamai sau biyu yana faɗuwa, sai da yara suka zo suka tsai da mana shi, suna ta danne dariya.

Bayan lisha muka hura wuta, yara suka kewaye ta, kowa ya ɗauki karatunsa. Haka muka yi namu karatun a hannun malaminmu can arewacin Gana: almajiri ya je ya samo itace da yamma, da dare a zauna, wanda ya yi gyangyaɗi hayaƙi ya tashe shi. Shekara talatin ke nan ba mu ji muryar yara ta haɗu da ƙarar wuta ba, sai daren nan. Ba mu san lokacin da ƙwalla ta zo mana ba. Wani yaro ya ce, "Malam, lafiya?" Muka ce hayaƙi ne.

Da goma ta yi muka yayyafa wa wuta ruwa, muka ce a kashe kowace tocila. Wata bai fito ba, gama ƙarshen Safar ne. Duhu ya rufe mu ruf. Ƙananan suka matso suka riƙe mana riga, wani ya fara shessheƙa. Muka ce a yi haƙuri, ido zai buɗe. Jim kaɗan sai muka ji wani ya ce, "Kai! Kai! Ku dubi sama!" Daga nan ba wanda ya ƙara tunawa da tsoro.

A nan mu ma muka ƙaru. Mun daɗe muna karantawa cikin littattafan fiƙihu cewa ana gane alƙibla da tauraron arewa, amma ba mu taɓa ganinsa sosai ba, domin a Kumasi yana can ƙasa ƙasa, dab da inda sama ta haɗu da ƙasa, itatuwa da hazo sun tare shi. A nan kuwa ga shi ya hau kusan rabin sama. Akwai taurari bakwai masu siffar ludayi. In ka bi biyun da ke bakin ludayin ka miƙe, za su kai ka gare shi. Shi ba ya gusawa, sauran ne ke kewaya shi. Ka fuskance shi, sa'an nan ka juya dama, ka ci kashi biyu cikin uku na tsakanin arewa da gabas, to, ka fuskanci Ka'aba daga New York. Muka sa kowane yaro ya gwada, kana muka ɗauko waya muka duba. Ba ta saɓa ba.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare muka ji ana taɓa mana ƙafa. Yaron nan mai kaifin hadda ne. Ya ce, "Malam, a tashi, alfijir ya keto, na gan shi." Muka fito. Lalle ga wani haske ya kwanta a gindin sama, fari da ɗan ja. Muka ce, "Ina tauraronka?" Ya nuna. Muka ce, "In ka fuskance shi, hasken nan yana ina?" Ya ce, "Yana bayana." Muka ce, "Bayan mai fuskantar arewa fa?" Ya yi shiru, ya ce, "Kudu." Muka ce, "To, ɗana, alfijir ba ya fitowa daga kudu. Wancan fitilun New York ne, garinku ke nan kake hange." Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Ashe cikin wancan muke kwana kullum?"

Muna nan tsaye sai muka ji ƙwaram a bayan tanti. Muka haska, sai ga wata dabba kamar muzuru babba, mai baƙi kewaye da ido sai ka ce ta sha kwalli, ana ce da ita rakun. Ta buɗe jakarmu da hannuwanta, ta gama da kilishin da muka ɓoye don karin kumallon malamai. Mu da muka tsare yara da wa'azi kada a bar abinci a waje, mu ne muka bari. Da gari ya waye muka faɗi laifinmu gaban kowa, gama malamin da ba ya amsa kuskurensa ba shi da bakin gyara na wani.

Ran Asabar muka tafi Bear Mountain. Akwai gidan dabbobi a gindinsa tun 1927, ba zaki ba giwa, sai namun dajin jihar waɗanda suka ji rauni ko suka rasa uwa, ba su iya komawa daji. Yara suka ga mujiya da macizai, da dabbar da Larabawa ke ce wa dubbu, wadda da sunanta ake kiran dutsen. Ta tsakiyar gidan wata hanyar ƙafa ta ratsa, mai alamar farin fenti a jikin itatuwa da duwatsu. Sunanta Appalachian, ta taso daga jihar Georgia har Maine, kusan mil 2,200, ta bi ta jihohi 14, kuma a nan aka buɗe yankinta na farko a 1923. Muka gamu da wani saurayi mai ƙasumba da kaya a baya, ya ce watansa huɗu yana tafe. Yara suka riƙe baki. Daga ƙwanƙolin dutsen, kamar ƙafa 1,300, muka hango kogi ya miƙe, da dogayen benayen birni can nesa kamar haƙoran matsefi.

Da yamma muka tsince gawayin wutar jiya, muka niƙa, muka dama da ƙaron da muka zo da shi, ya zama tawada. Alƙalamanmu na gida ne, gama ba a yankan ko kara ɗaya a gandu. Kowane yaro ya rubuta da ajami sunan abu uku da ya gani. Wani ya rubuta barewa, tafki, tsoro.

Asubar Lahadi muka tashe su tun ƙarfe huɗu, muka zauna bakin tafki muka fuskanci gabas. Kaza da 'Ya'yanta tana can sama, Gamzaki ya fito yana ƙyalli. Ba mu ce kome ba. Wajen biyar saura sai wani farin zare ya kwanta a gindin sama, ya yi ta faɗi dama da hagu, ƙananan taurari suka fara ɓacewa. Yaron nan ya juyo ya dube mu. Muka ce, "Kai za ka faɗa." Ya ce, "Wannan shi ne, Malam." Shi ya kira salla, da murya ƙasa ƙasa don kada a tashi maƙwabta.

Yanzu sai mu koma ga maganar dattijonmu, Allah ya ja da ransa. Baba, mene ne zango? Ashe ba wurin da ayari ke sauka ya kwana ba ne? Kakanninmu fatake daga Kano suke tasowa su nufi Gwanja sayen goro, wata da watanni suna tafe, jagaba a gaba, madugu yana tsare da ayari. Inda dare ya yi musu nan suke sauke kaya, su hura wuta, su duba sama su san lokaci. Da yaƙin Salaga na 1892 ya watsa su, wuraren da suka sauka su ne suka zama unguwanninmu, sunan kuwa ya bi mu har Amurka. Sunanmu kansa na masu kwanan daji ne. Yaya za a ce ɗan zango bai taɓa ya da zango ba?

Ba mu ce babu hatsari ba. Akwai kaska, akwai maciji, akwai ruwa mai zurfi. Maganinsu manya masu lura, kowane babba da yara uku, da bin dokar wurin. Yara goma sha huɗu muka ɗauka, goma sha huɗu muka mayar, ba abin da ya sami kowa sai cizon sauro.

Abu ɗaya ya tsaya mana a rai. Ran da za mu tashi, 'yan mata tara na makarantarmu suna tsaye bakin ƙofa suna kallo. Wata ta ce, "Malam, mu ba ma karanta alfijir ne?" Ba mu sami amsa ba. Saboda haka muna roƙon taro mai zuwa abu biyu: a sa fitar nan cikin lissafin kuɗin kowace shekara, a kuma shirya ta 'yan mata tare da iyayensu mata. Wanda ke ƙyamar tanti, akwai ɗakunan katako na haya a gandun, sai dai a kama da wuri, gama lokacin zafi ana rububinsu. Dattijonmu kuma mun ajiye masa kujerar gaba a mota.

Allah ya raya mana su, ya sa albarka cikin karatunsu, amin. Wassalam.