Wasan Yara Ba Ɓata Lokaci Ba Ne

Iyaye da yawa, in sun ga ɗan shekara biyu ko uku ya kwaɓa laka yana gina saniya, sai su daka masa tsawa, wai ya ɓata riga. Alhali kuwa karatu yake yi.

A shekarar 1840 wani malami Bajamushe, Friedrich Froebel, ya raɗa wa makarantarsa ta ƙanana suna, watau "lambun yara". Kayan karatunsu ƙwallon zare ne, da guntayen katako, da yumɓu. Har yau makarantu da yawa suna bin tafarkinsa. Malama ta kan zaɓi abu guda, kamar kasuwa, a yi mako ana wasa a kansa: yau a mulmula tumatir na laka, gobe a shafa masa ja, jibi a kasa, a yi ciniki da ganye. Da haka ƙidaya ke shiga, baki ya buɗe, yatsu su yi ƙwari tun kafin ranar riƙe alƙalami.

To, uban da ba shi da hali kada ya damu. Kara da laka da gawayi ba sai an saya ba. Riga kuwa, sabulu ya ishe ta.