Askin Bishiya a Edinbara da a Gaɓar Kogin Yobe

Watan Mayu a Nguru da Gashuwa wata ne na neman inuwa. Zafi kan haura digiri 40, ruwan randa ma ya ɗumame, kowa idonsa na gabas yana jiran hadari. A Edinbara, babban birnin Sikotland inda nake zaune, watan ne da ƙofofin gidaje ke cika da furen wani icce da ake kira rododendiron, tare da ƙaramar 'yar uwarsa azaliya. Ja, fari, shuɗi mai ratsin ja, ruwan ɗorawa, curi-curi a kan kowane reshe, har wani lokaci ba ka ganin ganye. Makonni kaɗan abin ke yi ya zube. Sauran watannin shekara kuwa, mai gida hidima yake yi wa iccen domin waɗannan 'yan makonni.

Iccen baƙo ne a nan. Danginsa sun haura iri 1,000, akasarinsu daga tsaunukan Himalaya da kudu maso yammacin ƙasar Sin. Joseph Hooker ya aiko da irin wasu daga Sikkim wajen 1849, sannan George Forrest, wanda ya yi aiki a lambun binciken tsirrai na Edinbara, ya fara zuwa lardin Yunan a 1904, ya yi ta komawa har ya rasu a can a 1932. Irin da suka turo shi ya haifi yawancin abin da ake gani yau a lambunan attajirai da na talakawa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ake yi masa aski, da kuma yadda ake ƙin yi. Wata dattijuwa maƙwabciyata tana da uku a ƙofar gida, kuma almakashinta ba ya fitowa sai fure ya gama zuba. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya lura da iccen. Fure na faɗuwa sai sabon toho ya fito a ƙarƙashinsa, kuma a kan wannan toho ne hudar baɗi take ƙulluwa kafin sanyi ya shigo. Wanda ya datse reshe a watan Satumba ko tsakiyar hunturu, furen baɗi ya datse da hannunsa. Saboda haka lokacin askin gajere ne, ƙarshen Mayu zuwa Yuni, kuma ko a lokacin ba a wuce cire busasshen reshe, da wanda ke gogar ɗan uwansa, da wanda ya miƙe ya tare taga. Sai kuma aikin yatsa: ana bin busassun furanni ɗaya bayan ɗaya ana murɗe su a hankali, don kada iccen ya ɓata ƙarfinsa wajen yin iri, tare da kaffa-kaffa kada a karya tohon da ke ƙasa. Na ga dattijuwar nan ta ɓata yammaci guda a kan icce ɗaya.

In iccen ya tsufa ya zama dogo ba ganye sai a sama, ana iya sare shi ƙasa-ƙasa ya sake tohowa, amma masu hankali kan raba aikin shekara uku, kowace shekara sulusin rassa. Har ma sukan duba ɓawo tukuna. Mai kaushin ɓawo yakan toho daga kututture, mai santsin ɓawo sau da yawa in an sare shi shi ke nan.

Manomin ƙasarmu zai fi mamakin abin da ake yi a gindinsa. Ba a kai fartanya kusa da shi sam. Saiwarsa siriri ce, a shimfiɗe take dab da saman ƙasa, noma ɗaya zai raunata ta. Ruɓaɓɓen ganye da ɓawon itace ake zubawa a rufe gindin, su riƙe laima su hana ciyawa. Kuma iccen ƙasa mai tsami yake so, wadda a ma'aunin masana ƙasa take tsakanin 4.5 da 6, alhali 7 ne tsaka-tsaki. A kudancin Ingila, inda ruwan famfo ke da alli, mutane kan tari ruwan sama a ganga musamman domin shi, in ba haka ba ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa saboda saiwar ta kasa jan sinadarin ƙarfe. Toka kuwa, wadda iyayenmu mata ke watsawa a gindin shuka, illa take yi masa.

Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ɗaukar iccen nan zuwa arewacin Yobe ɓarnar kuɗi ce. Ƙasar da kanwa ke fitowa fari fat a wasu fadamunta da rani ba wurinsa ba ne. Batun ruwan sama ma akwai abin lura. Edinbara ba ta samun fiye da kimanin milimita 700 a shekara, Nguru kuwa tana samun wajen 400 zuwa 500, tazarar ba ta kai yadda mutum zai zata ba. Sai dai nasu yayyafi ne da ke warwatse a duk wata goma sha biyu, ga gajimare ga sanyi, namu kuma a wata uku zuwa huɗu yake zuba ya ɗauke, rana da iskar hunturu su kwashe saura.

Da na aika wa kawuna hoton furen a Gashuwa, tambayarsa ta farko ita ce, "To ɗana, ana miya da ganyen?" Na ce, "A'a Kawu." Ya ce, "Awaki fa?" Na ce, "Allah ya ba ka haƙuri Kawu, in akuya ta ci yana iya kashe ta." Gaskiya ce kuwa, akwai dafi a ganyen da furen, likitocin dabbobi a nan sun san shi sarai a jikin tumaki da awaki, musamman in wani ya watsar da rassan da ya datse a inda suke kiwo. Har zumar da ƙudan zuma ya haɗa da furen wani nau'insa tana bugarwa. Labarin sojojin Girka da suka sha ta suka zube a yankin Tirabzon na Turkiyya ta yau ya kai shekaru 2,400. Kawu ya ce to lallai mutanen nan suna da lokaci.

Tambayoyinsa biyu su ne ma'aunin da ake dasa icce da shi a tsakar gida a wurinmu: miya, abincin dabba, inuwa, magani, 'ya'ya. Kuma kowane icce da irin askin da amfaninsa ya tsara masa. Zogale ba a barinsa ya miƙe. Ana datse kansa daidai ƙirjin mutum don ya yi rassa, ganye ya yawaita a inda hannun mace zai kai. Lalle ana yanke shi ƙasa-ƙasa a shanya ganyen, ya sake fitowa dam, ga shi kuma shinge. Kukar da ke kusa da gari kan zama guntu-guntun rassa saboda yawan sarar ganye, kuma duk mai saran ya san ya zaɓi miya ne ya haƙura da 'ya'yan kuka, domin reshen da ake yanka kowace shekara ba ya samun damar yin fure. Gawo, da yake shi da rani yake ganye ya kakkaɓe da damina, makiyayi ya san lokacin da zai hau ya sassaro wa dabbobinsa. Masu ɗibar ƙaro sun fi kowa kiyaye lokaci: sai damina ta ɗauke, dakwara ta fara zubar da ganye, sannan a ɓare ɗan ɓawo a reshe, a dawo bayan 'yan makonni a tsinci ƙaron da ya daskare. Yanka da wuri ba ƙaro, yanka da zurfi a kashe reshe. A Gashuwa ma akwai reshen cibiyar binciken roba ta ƙasa wanda aikinsa ke nan, binciken ƙaro.

Wanda ya fi kama da rododendiron a cikin itatuwanmu shi ne mangwaro. Shi ma a ƙarshen reshe yake huda, a kan tohon da ya riga ya ƙosa, kuma da sanyin hunturu yake yin ta. Don haka lokacin rage masa rassa shi ne da zarar an gama tsinke 'ya'ya, farkon damina, ya samu watanni ya yi sabon toho ya ƙosa. Masu lambu a bakin kogi da yawa sun san haka. Amma a cikin gida, mangwaro kan sha sara ne ranar da reshensa ya dami kwanon ɗaki, ko da kuwa a watan Nuwamba ne, sannan a yi ta cewa bana bai yi 'ya'ya ba.

A nan nake ganin bambancin gaske yake. Ilimin lokacin yanka muna da shi, a gona da daji da lambu. A cikin gari ne muka sake shi, kuma maina ce ta fi shan wuya. Icce ne da aka shigo da shi lardin Barno wajen 1928, ya riƙe titunan Maiduguri da Nguru da Gashuwa, ya zama majalisa, ya zama makarantar allo, ya zama kasuwa. Amma dubi yadda ake yi masa. A kira yaro da adda ko gatari a tsakiyar bazara, lokacin da aka fi buƙatar inuwa, ya hau ya fara sara daga sama. Reshe ya yi nauyi ya karye kafin a gama, ya yage ɓawo har gangar jiki. A bar guntun dungu tsawon kamu, ruwa ya shiga, ya ruɓe, gara ta samu ƙofa. Bayan 'yan shekaru iska ta farkon damina ta kayar da shi a kan katanga, a ce ƙaddara. Masu gyaran wayar wuta ma haka suke yi, gefe ɗaya su aske su bar icce a karkace.

Abin da ake yi a nan bai fi ƙarfin kowa ba, ƙaramin zarto ne kawai da yanka uku. A fara yanka reshen ta ƙasa, nesa kaɗan da gangar, don ɓawo kada ya yage. A yanke ta sama a gaban wancan, reshe ya faɗi. Sannan a cire dungun da ya rage dab da ɗan kumburin da ke wuyan reshen, ba tare da an taɓa kumburin ba, domin daga nan ne icce ke rufe rauninsa. Da adda mai kaifi ma ana iya kwatantawa in an fara ta ƙasa. Ba na cewa mutanen nan sun fi mu son itace. Wanda ke girki da gas, ba shi da akuya, ba ya buƙatar inuwa, yana da sararin da zai tsaya yana murɗe busasshen fure. Uwar gidan da itacen girki ya yi wa tsada ba za a ce mata ta jira watan Yuni ba. Amma yanka ta ƙasa kafin ta sama ba ya cin ko kwabo.

Shaida kuma tana kusa da gida, ba sai an tsallaka teku ba. A yankin Maraɗi, daga 1983, Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya, ya lura cewa 'yan tsirrai da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan itatuwa masu rai da saiwa mai zurfi. Sai aka fara zaɓar 'yan rassa mafiya ƙarfi a kowane kututture a bari, a cire saura, a riƙa rage na ƙasa yayin da suke girma. Manoman suka kira shi sassaben zamani. Ana ƙiyasta ya dawo da itatuwa a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Ba wani icce da aka dasa ko aka yi wa ban ruwa, yadda ake riƙe adda kawai aka sauya. Ƙasar Machina da Yusufari da Karasuwa ba ta da wani bambanci mai yawa da ta can.

Su ma mutanen nan akwai inda son fure ya ja musu. Wani nau'in rododendiron mai shuɗin fure, ɗan asalin gaɓar Bahar Aswad da Sifaniya, an shigo da shi Birtaniya a 1763, masu manyan gandaye suka dasa shi don ado da kuma maɓoyar tsuntsayen farauta. Ya tsere daga lambu ya mamaye dazukan yammacin Sikotland da arewacin Wels da Kilani a ƙasar Ailan. Inuwarsa ba ta barin komai ya tsiro, dabba ba ta cika cin sa ba, ga shi yana ɗauke da wata cutar da ke kashe wasu itatuwan. Yau doka ta hana a dasa shi a daji. Ƙungiyoyin sa kai na fita da zarto suna sarewa, shi kuwa sara ƙarfi take ƙara masa, sai an bi kututturen da magani ko an tumɓuke shi, sannan a yi shekaru ana dawowa ana cire 'ya'yan da suka tsiro.

Duk ɗan Nguru da ya ga wannan aiki ciyawar kachalla zai tuna. Ita ba baƙuwa ba ce, amma tun da madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 suka sauya tafiyar ruwan Kogin Haɗeja, wuraren da a da suke cika su bushe suka zama ruwa na kwance duk shekara, sai ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ciki har da mashigar Marma da ke kai ruwa tafkin Nguru, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, ta zama masaukin tsuntsayen jan baki. Ita ma in aka yanke ta a sama ko aka ƙone, kwana kaɗan ta dawo. Masu aikin gayya a cikin kwalekwale sun gano cewa sai an kai lauje ƙarƙashin ruwa, yadda dungun zai nutse ya rasa iskar da yake kai wa saiwa, kuma a maimaita sau biyu ko uku kafin ta sake leƙo kai, sannan take mutuwa.