Curin Shinkafar Tokiyo

'Yar'uwa, in kin sauka Tokiyo yara na kukan yunwa, shiga ƙaramin kanti ki nemi onigiri. Curin shinkafa ne mai kusurwa uku, da kifi a tsakiya, an naɗe shi da nori, busasshiyar ciyawar teku, baƙa, siririya kamar takarda. Tana da sinadarin ayodin, wanda rashinsa ke kawo maƙoƙo.

Leda ce ta raba ganyen da danshin shinkafar, don ya riƙa ƙaras-ƙaras. An rubuta 1, 2, 3 a jikinta, ki ja su a jere. Ni na yi gaggawa, sai ga shinkafa a cinyata a bencin tasha.

Ki dai tambaya kafin ki biya. Wani akwai naman alade ko giyar girki a ciki.