Ido Ya Riga Mai Shi

Yaron da ke tsaron gero a gonakin Jiratawa, idan tsuntsu ya gifta ta gefe, idonsa kan kai wurin tun kafin shi kansa ya san me ya gifta. Wannan aikin tsakiyar ƙwaƙwalwa ne, ɗan yankin da tsawonsa bai wuce santimita 2 ba. A bayansa akwai ƴan tuddai biyu masu riƙe da taswirar abin da ke gaban mutum, su ke cewa a duba can. Daga yankin ne kuma jijiyar ƙwaƙwalwa ta 3 da ta 4 ke fitowa, suna sarrafa tsoka 5 cikin 6 da ke juya kowane ido. Ido na tsalle wajen sau 3 a daƙiƙa, kuma lokacin tsallen gani kan dusashe, ƙwaƙwalwa ta ɗinke gurbin ba ta gaya mana ba. Wani zai ce ai mutum abin da ya ga dama yake kallo. Haka ne, ɗan kabu-kabu tsakanin Maraɗi da Tibiri yakan kafa ido kan titi da gangan, amma umarninsa ma galibi ta nan yake bi. Mukan yaba wa kanmu da lura, alhali yawancinta yi mana ake yi. Ba a tuna wannan yanki na ƙwaƙwalwa sai ranar da ciwon suga ko kumburin jijiyar jini ya taɓa jijiya ta 3, fatar ido ta sauko, abu ɗaya ya zama biyu. Wanda ya wayi gari haka, ya nufi asibiti a ranar.