Motar Babana da Ƙwayar Rairayi

Ni mutumin Bana ne, cikin ƙasar Gaya, jihar Doso. Noma ne sana'ata, amma ina da mota guda wadda na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa. Peugeot 404 ce mai buɗaɗɗen baya, irin wadda muke ce wa kat-san-kat bashe. A Faransa aka fara ƙera 404 cikin 1960, daga 1975 kuma aka riƙa haɗa ta a Kaduna. Yau sai ka yini bisa hanya ba ka ga irinta ba. Da ita baba ya yi ta jigilar gishirin Fogha da rake zuwa Gaya da Kamba, wani lokaci har ya ƙetare gada ya kai Malanbil.

Ƙanena ya daɗe yana cewa mu sayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe, mu sayi babur mai ƙafa uku. Ni kuwa na ƙi. Mun yi ta gardama har iyarmu ta hana a ƙara tada maganar gabanta.

To, ran nan cikin ɗari, lokacin rake, manoma uku suka ba ni kayansu in kai kasuwar Gaya. Tun dare muka yi lodi. Da asuba na murɗa makulli, mota ta yi ta kuka ba ta tashi ba. Sai can ta tashi da ƙyar, tana karkarwa, baƙin hayaƙi na fita ta baya. Warin esansi ya cika wuri. Na kashe, na buɗe kapo. Ɗana ya rugo da fitilar ƙwai don ya haska mani. Allah ne ya sa na juya na gan shi, na daka masa tsawa, ya ja da baya. Da na haska da tocila, sai ga karbiratar jiƙe sharkaf, esansi na bin jikinta yana ɗiga bisa inji. Da yaron ya ƙara taki biyu, da mota da rake da rumfar gidanmu duk sun tafi, kila har da mu.

Akwai dabarar da na gani wurin baba. Na ƙwanƙwasa gefen karbiratar da ƙotar turnabis a hankali. Na goge esansin da ya zube, na jira ya bushe. Sa'an nan na matse tiyon esansi, na tada mota, na bar ta har ta shanye abin da ke ciki ta fara shaƙewa, na saki tiyo. Esansin da ya shigo da ƙarfi yakan wanke dattin da ya maƙale. Zuba ta tsaya, na yi murna, muka kama hanya. Ba mu yi rabin tafiya ba wari ya dawo. Sau huɗu ina tsayawa ina maimaita wannan aiki kafin mu shiga Gaya. Lokacin hantsi ya yi, manyan masu saye sun gama ciniki, aka sayar da rake da araha. Masu kaya ba su ce mani kome ba, amma shirunsu ya fi zagi ciwo.

Na nemi makanike. Samarin garaji biyu suka leƙa, suka ce su motocin zamani suka koya, waɗanda ba su da karbiratar. Ɗayansu ya kwatanta mani wani tsoho a bayan tasha. Na same shi zaune bisa tsohuwar taya yana shan shayi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, motata ce ke zubar da esansi." Ya dubi motar ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, wannan ai ta zamaninmu ce. Kashe ta, ka cire waya daga batir."

Kafin ya taɓa kome, sai da ya yi mani bayani, kuma shi ne nake so ku riƙe. Ya ce cikin karbiratar, wadda mutanen Kamba ke ce wa kafireto, akwai wani ɗan kwano da esansi ke taruwa. Cikin kwanon akwai abin da ke yawo bisa esansi kamar ƙwarya cikin randa, sunansa fulotar. Sama da shi, a bakin ƙofar da esansi ke shigowa, akwai wata ƴar allura cikin gidanta na tagulla, ita ce pwanto. In kwano ya cika, fulotar ya taso ya tura allura, ta toshe ƙofa. In inji ya sha, fulotar ya sauka, ƙofa ta buɗe. Famfon esansi kuwa ba ya da hankali, muddin inji na juyawa turowa yake yi. Saboda haka in allura ba ta rufe sosai ba, kwano ya cika ya tumbatsa, wani ya malala cikin inji, wani ya zubo waje.

Ya kwance murfin karbiratar, kirar Solex ce, ya ɗaga shi a hankali don kada takardar da ke tsakani ta yage. Ya nuna mani gindin kwano. Wani jan laka ne kwance, tsatsa da rairayi. Ya ciro fulotar ya girgiza kusa da kunnensa. Ya ce in ya huje esansi ya shiga ciki, za ka ji motsi, kuma nauyi zai hana shi tasowa. Bai ji kome ba, amma bai yarda ba. Ya aika aka kawo ruwan zafi cikin gwangwani, nesa da wuta, ya nutsa shi ciki. Ya ce in da huda, zafi zai kumbura iskar ciki, kumfa ta fito. Ba kumfa. Fulotar lafiya lau.

Saura allura. Ya kwance ta, ya wanke, sai ga ƙwayar rairayi ta faɗo tafin hannunsa, ba ta kai ƙwayar gero ba. Na ce, "Shi ke nan, Baba, mun kama ɓarawo." Ya ce in yi haƙuri. Ya sa bakinsa ya hura, ya danne allura da yatsa. Maimakon iska ta tsaya cik, sai muka ji tana ɗan tsiyaya. Ya ce shekaru sun cinye bakinta. Daga baya ya fasa gidan ya nuna mani, ga zobe ya fito kewaye da tsinin, inda take ta bugun ƙofa. Ya ce waɗansu na goge ta da toka su mayar, amma wannan maganin kwana bakwai ne.

Neman sabuwa ya cinye mana yini. A ƙarshe wurin wani mai tsofaffin kaya muka samu, cikin gwangwanin madara, har yanzu da takardarta. Wurin ɗaurawa tsohon ya nuna mani ƴar wasa da ke ƙarƙashinta. Ya ce kada in raina ta. In ta yi kauri, allura ta sauko, ƙofa ta rufe da wuri, esansi ya yi ƙasa, mota ta riƙa shaƙewa a hawa. In ta yi siriri ko aka mance ta, kwano ya cika fiye da kima. Ya sa mai kauri daidai da tsohuwar, ya ɗaure ba tare da ya matsa ƙwarai ba, don jikin karbiratar ƙarfe ne mai laushi.

Na ɗauka mun gama, sai ya zaro sandar awon baƙin mai ya miƙo mani hanci. Warin esansi tsantsa, man kuma ya tsinke kamar ruwa. Ya ce esansin da ya malala ciki ya wanke bangon silinda ya gangara cikin mai, in na ci gaba da tafiya haka, inji zan kashe. Muka juye mai, muka goge buji huɗu da suka yi baƙi ƙirin.

Sa'an nan ya tambaye ni inda nake shan esansi. Na sunkuyar da kai. Kowa a nan ya san ruwa-ruwa, na kwalba da bido a bakin hanya. Shekara da shekaru shi muke sha saboda araha, kafin Nijeriya ta janye tallafin mai a 2023. Ban ce duk mai sayarwa macuci ne ba, amma bidon da ya sha ƙurar hunturu da raɓa ba ya rasa rairayi da ruwa, ruwan kuwa shi ke sa tanki tsatsa. Laifina ne da ban taɓa tacewa ba. Ya yanka tiyo ya sa ƴar matata kafin famfo, irin mai haske wadda ake ganin datti ciki, ya ce in wanke tanki in na samu sarari, in kuma riƙa shimfiɗa tsumma mai tsabta bisa mazurari.

Da magariba muka tada ta. Bugu ɗaya ta kama, murya sumul, ba hayaƙi. Ya bar ta tana aiki, ya shafa yatsa kewaye da murfi, a bushe. Na kwana Gaya, da safe na koma Bana. Masu rake na rage musu rabin kuɗin mota, biyu sun karɓa, ɗaya bai sake ba ni kaya ba har yau. Ƙanena ya zagaya motar, ya shinshina, bai ce uffan ba. Mako na gaba shi ya roƙi makulli zai kai gero Kamba. Na ba shi, na haɗa masa da mazurari da tsumma.