Kalangun Shata da Ma'aunin Lokaci

A garin Dayi akwai wani malamin firamare da ya gaji kaset-kaset na Alhaji Mamman Shata daga mahaifinsa. Shata, haifaffen Musawa mazaunin Funtuwa, ya rasu a 1999. A zamaninsa ba a sanya wa makaɗansa na'ura mai ƙyas-ƙyas a kunne domin ta tsayar musu da saurin kiɗa, kamar yadda ake yi a ɗakunan ɗaukar waƙa na zamani. Bakin Shata masu kalangu suke bi.

Da malamin ya so ɗalibansa su koyi tafi a kan Bakandamiya, sai ya ɗora ta a kwamfuta, ya kafa mata sauri guda. Ba a yi nisa ba tafi ya rabu da kalangu. Tilas ya koma yana sa alama a kan kowane bugu, ɗiya bayan ɗiya. Nan ya gane cewa kiɗan yakan lafa in Shata ya ja zance, ya zabura in 'yan amshi sun karɓa.

Kwamfutar tana iya daidaita kiɗan, amma malamin ya ƙi. Ya koya wa yaran su fara saurare, sannan su auna.