Yini Guda A Bakin Ruwan Watari

Uwargida, in hanya ta bi da ku ta Bichi, ki roƙi maigida ku ratsa Bagwai ku ga Dam ɗin Watari. Gonaki ne hagu da dama, ƙauye na bin ƙauye, sai kwatsam ga ruwa shimfiɗe iya ganinki, manoman rani na ta ban-ruwan shinkafa da tumatir.

Mu da hutun Sallah muka je. Yara na hango kwale-kwale suka hau tsalle, "Umma, mu shiga!" Gabana ya faɗi. A ruwan nan ne jirgin da ya taso daga Badau ya kife ranar 30 ga Nuwamba 2021, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu tafiya Maulidi. Lodi ne ya yi yawa. Allah Ya jiƙansu.

A Bahar Maliya, wajen Jidda, masu yawon buɗe ido kan sa gilashi da bututun shaƙar iska su leƙa kifaye, domin ruwan garau yake. Namu kuwa ba a ganin ƙasansa, kallonsa daga sama ake yi.

Jirgin farko na ƙi shi. Ruwa ya kusa taɓa bakinsa, ana kuma ƙara mutane. Muka jira wani. Na tambayi matuƙin rigar ruwa, na leƙa cikin jirgin ko yana yoyo, na ce kuma a dawo kafin la'asar. Manyan biyu suka tafi da babansu. Auta ta sha kuka, na lallashe ta da soyayyen kifi, idona na kan ruwa har suka sauko.